Sashen da ya bar allo bai daina aiki ba

Duk wanda ya taɓa gina shafin intanet a Yamai ya miƙa shi ga jama'a ya san kiran da ke biyo baya. Shafin da ke buɗewa nan take a kwamfutar ofis, da zarar ya isa hannun ɗan kasuwa a Tawa ko Madawa, sai a bugo a ce: "Malam, abin nan naku yana maƙalewa, kuma yana cinye mini mega." Amsar da muka saba bayarwa ita ce laifin rezo ne. Wani lokaci kuwa rezon ne. Amma rezo ba ya sa salula ta yi zafi a hannu, ba ya hana madanni amsawa bayan shafi ya riga ya gama saukowa, kuma ba shi ne ke sa shafin da ya fara da sauƙi ya koma jan ƙafa bayan an yi minti ashirin ana aiki da shi ba. Waɗannan daga hannunmu suke, mu masu rubuta shafin. Akasarinsu kuma tushensu ɗaya ne: mun koyi yadda ake fito da sashe a allo, amma ba mu cika damuwa da yadda yake rayuwa ba, balle yadda ya kamata ya sauka.

Shafukan zamani ba a rubuta su dunƙule guda. Harhaɗa su ake yi daga ƙananan sassa, kowanne da aikinsa da bayanan da yake riƙe da su. Mu ɗauki shafin da ke nuna farashin albasa a kasuwannin jihar Tawa, Galmi da Madawa da Birnin Ƙonni, domin ƴan kasuwar da ke lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa su san inda buhu ya tsaya yau. Akwai akwatin bincike a sama, wannan sashe ne. Akwai jerin kasuwanni, shi ma sashe ne, kuma kowane layi a cikin jerin sashe ne mai zaman kansa. Akwai ƙaramin zane mai nuna yadda farashi ya faɗi lokacin kaka ya kuma tashi bayan wasu watanni. Wannan salon gini ya bazu ne bayan Facebook ya saki React, kayan aikin harhaɗa shafi daga sassa, ga kowa a 2013, sannan Evan You ya fito da Vue a 2014, Google ya sake gina Angular daga tushe a 2016, Rich Harris kuma ya zo da Svelte a wannan shekarar. Sun sha bamban a abubuwa da dama, amma dukansu sun yarda cewa sashe yana da matakai uku: lokacin da ake dasa shi a shafi, lokacin da yake sabuntawa saboda bayanai sun sauya, da lokacin da ake cire shi. A tsohon salon React sunayensu componentDidMount da componentDidUpdate da componentWillUnmount. Vue yana da onMounted da onUpdated da onUnmounted. Angular yana da ngOnInit da ngOnChanges da ngOnDestroy. Tun da React 16.8 ya fito a Fabrairun 2019, yawancin masu React sun koma useEffect, wanda ya haɗe aikin farawa da aikin rufewa wuri guda.

Kafin a shiga matakan, akwai abin da ya kamata mai gini ya riƙe a kai. Burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, tana da babban zare ɗaya tak, wato layin aiki guda, da take gudanar da JavaScript, harshen da muke rubuta umarnin shafi da shi, a kansa, kuma a kansa take lissafa inda kowane abu zai zauna a allo, a kansa take karɓar latsin yatsa. Allon yawancin wayoyi yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kusan milidaƙiƙa 16 da ɗoriya. Idan umarninka ya riƙe zaren na milidaƙiƙa 300, to a tsawon wannan lokacin mutum na latsawa ba mai jin sa. Masu gina Chrome suna kiran duk aikin da ya wuce milidaƙiƙa 50 dogon aiki. Aikin da kwamfutar ofis ke gamawa kafin ƙiftawar ido, wayar Itel ko ƙaramar Tecno tana iya ninka lokacinsa sau da yawa. Ga kuma wani abu da masu zaune a ɗaki mai sanyi ba sa tunawa: idan waya ta yi zafi, da kanta take rage gudun injinta don kada ta lalace. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa, wayar da ke hannun mutum a bakin kasuwa ba ita ce wayar da aka gwada da safe a ofis ba, ko da kuwa samfurinsu ɗaya.

Matakin dasawa matsalarsa sananniya ce, ba zan daɗe a kai ba. Al'ada ce kowane sashe ya jira sai an dasa shi sannan ya aika neman bayanansa daga uwar garke. Babban shafi ya nemi jerin jihohi, ya jira. Amsa ta zo, aka dasa jerin kasuwanni, shi ma ya aika nasa, ya jira. Sai kuma zanen farashi ya fito ya aika nasa. Buƙatu uku da za su iya tafiya tare sun koma bi da bi. Nijar ba ta da teku, igiyoyin intanet na ƙarƙashin ruwa a gaɓar maƙwabta suke sauka, kuma shafukanmu da yawa a Faransa ko wata ƙasar Turai aka ajiye su, don haka kowace tafiya da dawowa tana da tsada a wajenmu fiye da wajen wanda ya rubuta darasin da muka koya. Maganin shi ne a fara neman bayanan tun daga sama, lokacin da aka san shafin da mutum ya nufa, a aika buƙatun tare, sannan a raba wa sassa abin da ya zo.

Matakin sabuntawa ya fi wuyar fahimta, kuma nan ne ake yawan shan maganin da ba na cutar ba. A React, idan bayanin da sashe ke riƙe da shi ya sauya, sai a sake gudanar da umarnin sashen, a kuma sake gudanar da na dukan ƴaƴansa da jikokinsa, ko abin da aka miƙa musu ya sauya ko bai sauya ba. Daga nan React ya kwatanta sabon sakamako da tsoho, ya taɓa abin da ya bambanta kawai a ainihin shafin. Sake lissafi daban, sake taɓa shafi daban, kuma na farkon sau da yawa ba shi da tsada. Tsadar tana zuwa ne idan an yi shi da yawa a lokacin da bai dace ba. A shafinmu na albasa, a ce an ajiye rubutun akwatin bincike a babban sashe na can sama, wanda ke ɗauke da jerin layi ɗari biyar da zanen farashi. Mutum ya rubuta G, aka sake lissafa layi ɗari biyar da zane. Ya rubuta a, aka sake. Kafin ya gama rubuta Galmi an yi zagaye biyar, kuma abin da yake gani shi ne haruffa suna fitowa bayan yatsansa ya riga ya wuce.

Abin da mutane suka fi ruga wa shi ne React.memo da useMemo da useCallback, waɗanda ke riƙe tsohon sakamako don kada a sake lissafi, su yayyafa su ko'ina. Ni ban yarda da wannan a matsayin matakin farko ba. React.memo yana kwatanta abin da aka miƙa wa sashe kwatanci na sama-sama, yana duba ko abu ɗaya ne a ƙwaƙwalwa, ba ya duba ko abin da ke ciki iri ɗaya ne. Idan uwa tana ƙirƙirar sabon jeri ko sabon umarni a kowane zagaye tana miƙa wa ɗa, to kullum za a ga sabon abu, kullum za a sake lissafi, ga kuma kuɗin kwatancin da aka ƙara a banza. Mutum ɗaya a cikin tawaga ya ƙara layi guda bayan wata shida, sai duk katangar ta rushe ba tare da kowa ya lura ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a sauko da bayanin zuwa inda ake buƙatarsa: rubutun da ake kan bugawa ya zauna a cikin akwatin bincike, a sanar da jerin bayan mutum ya ɗan dakata. React 18, wanda ya fito a Maris na 2022, ya kawo useTransition da useDeferredValue domin a ce wa React wannan sabuntawar ba ta gaggawa ba ce, ya fara kula da yatsan mutum. Game da layi ɗari biyar kuwa, allon waya bai fi ya nuna goma sha wani abu a lokaci guda ba. Akwai kayan aiki irin su react-window da ke dasa layukan da ake gani kaɗai, suna musanya su yayin da ake jan allo. Idan bayan duk wannan ma'auni ya nuna wani sashe yana da nauyi da gaske, kamar zanen farashin, to a nan memo ke da amfani.

Vue da Svelte da Solid sun bi wata hanya. Suna bin diddigin wane sashe ne ya karanta wane bayani, don haka idan bayanin ya sauya, waɗanda suka karanta shi kaɗai ake tasowa. Angular ma ya shigo da irin wannan a sigarsa ta 16 a 2023. Su kansu masu React sun saki wata manhajar da ke saka memo da kanta lokacin haɗa shafi, wadda suka buɗe wa jama'a don gwaji a taronsu na 2024. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da zai gyara maka kurakurai biyu da ke sa sashe ya mutu ya sake haihuwa alhali sabuntawa kawai ake nufi.

Na farko shi ne maɓallin layi, abin da React da Vue ke kira key. Da shi ake gane cewa layin Madawa na yanzu shi ne layin Madawa na ɗazu. Idan aka yi amfani da lambar matsayi a jeri, ɗaya, biyu, uku, sannan aka sake tsara jerin daga mai arha zuwa mai tsada, to layi na farko zai ci gaba da riƙe abin da aka rubuta a cikinsa alhali sunan kasuwar ya sauya. Wakilin da ya shigar da farashin Galmi sai ya gan shi a gaban Ƙonni. Wannan ya wuce batun gudu, ya zama batun amana, domin da wannan lambar wani zai yanke shawarar tura mota. Idan kuma aka ba layi lambar da ake ƙirƙira sabuwa a kowane zagaye, to kowane zagaye sai an rushe jerin gaba ɗaya an sake gina shi. Na biyu shi ne rubuta sashe a cikin jikin wani sashe. Kowane zagaye React yana ganin sabon nau'i, sai ya cire tsohon ya dasa sabo. A kwamfuta alamar ita ce akwatin rubutu ya saki alƙalami bayan kowane harafi. A waya abin ya fi muni: mutum ya buga harafi ɗaya, madannan rubutu suka nutse ƙasa, ya sake taɓa akwatin suka fito, ya buga na biyu suka sake nutsewa. Wanda ya gamu da haka sau biyu ba zai dawo na uku ba, zai koma tambayar farashi ta WhatsApp.

Yanzu ga matakin da ya fi damuna, wato cirewa. Dalilin da ya sa ake mantawa da shi a bayyane yake. Idan ka manta da matakin dasawa, allo zai fito fari fat, nan take ka gani. Idan ka manta da matakin cirewa, babu abin da zai nuna. Shafi zai yi kyau, mai aikin zai karɓa ya biya, kuma matsalar za ta tashi ne a hannun wanda ba ya da hanyar sanin sunanta.

A zamanin da, idan mutum ya bar shafi ya shiga wani, burauza tana share komai ta fara sabo. A shafukan zamani da yawa ba haka ba ne. Shafin guda ne, sassa ne kawai ake cirewa ana dasawa, kuma burauza ba ta san cewa mutum ya "tafi" ba. Duk abin da sashe ya kunna a wajen kansa yana nan yana aiki har sai an kashe shi da hannu. A ce sashen farashi ya kunna agogo da setInterval, yana tambayar uwar garke sabon farashi duk daƙiƙa biyar. Mutum ya koma shafin farko, aka cire sashen daga allo, amma agogon na burauza ne, ba na sashen ba, don haka yana ci gaba da bugawa. Ya sake shiga shafin farashi, aka dasa sabon sashe, aka kunna agogo na biyu. Mu yi lissafi a kan misali: idan kowace amsa kilobait 20 ce, agogo ɗaya yana jawo amsa 12 a minti, kilobait 240 ke nan, wajen mega 14 a awa. Ɗan kasuwar da ya shiga ya fita sau biyar yana ɗauke da agogo biyar, wajen mega 70 a awa, a kan shafin da ba ya ma kallon farashi a cikinsa. Mutumin nan da kuɗin cefane ya sayi megar. Da ya ce shafin yana cinye masa mega, gaskiya ya faɗa.

Ba mega kaɗai ke tafiya ba. Agogon da bai mutu ba yana riƙe da umarnin da aka ba shi, umarnin kuma yana riƙe da bayanan tsohon sashen, wani lokaci har da gutsattsarin shafin da aka riga aka cire. Mai sharar ƙwaƙwalwa na JavaScript ba ya kwashe abin da har yanzu wani ke riƙe da shi. Haka ƙwaƙwalwa ke cika a hankali. A kwamfuta mai giga 16 ba za ka ji komai ba. A waya mai giga biyu, wadda WhatsApp da Facebook suka riga suka ci rabonsu, sharar za ta yawaita, shafi ya riƙa tsayawa yana tafiya, daga ƙarshe Android ya kashe shafin da zarar mutum ya leƙa wata manhaja. Irin wannan ke faruwa da mai saurare, wato umarnin da aka ɗaura wa window, tagar burauza, don jin jan allo ko sauyin girma, da haɗin WebSocket da aka buɗe zuwa uwar garke, da IntersectionObserver mai lura da abin da ya shigo allo, da bin diddigin wuri ta GPS wanda ke shan batir, da taswira ko zane da wata manhajar waje ta gina wadda ke da nata umarnin rushewa. Dokar ba ta da wuya: clearInterval ga kowane setInterval, removeEventListener ga kowane addEventListener, a rufe abin da aka buɗe. A useEffect, umarnin da ka mayar a ƙarshe shi ne wurin wannan aikin, kuma React yana kiran sa lokacin cirewa, yana kuma kiran sa kafin ya sake gudanar da aikin idan abin da ya dogara da shi ya sauya.

Wannan kira na biyu shi ne ke magance wata cuta da ta fi ɓoyuwa. Ka aiki yaro kasuwar nesa ya tambayo farashi, kafin ya dawo ka sauya shawara ka aiki wani kasuwar kusa. Na biyun ya dawo ya faɗa maka, ka rubuta. Can sai ga na farko ya iso da nasa labarin, kai kuwa ka goge sabon ka rubuta tsohon a gurbinsa. Haka ke faruwa idan mutum ya latsa Madawa, rezo ya yi jinkiri, ya latsa Galmi, amsar Galmi ta riga isowa, sannan ta Madawa ta zo ta hau kanta. Kan shafi yana cewa Galmi, lambobin kuwa na Madawa ne. A intanet mai sauri amsoshi kusan kullum suna zuwa bisa tsarin da aka aika su, shi ya sa mai gini ba ya taɓa ganin matsalar. A rezon da ke hawa yana sauka kuwa, abu ne na yau da kullum. Burauzoji na zamani suna da AbortController: a haɗa shi da buƙatar, a cikin umarnin rufewa a soke ta. Ta haka tsohuwar amsa ba za ta rubuta komai ba, kuma ragowar abin da bai sauko ba ba zai ci mega ba.

Masu React sun san yadda ake sakaci da wannan, shi ya sa a siga ta 18 suka sa StrictMode, yanayin da ke tono kurakurai, ya riƙa yin wani abu da gangan lokacin gini: ya dasa sashe, ya kashe ayyukansa, ya sake kunna su nan take. Mai koyo yakan ga buƙatarsa ta fita sau biyu ya ɗauka lalacewa ce, ya shiga intanet ya sami shawarar cire StrictMode, ya cire. Ina roƙon ƙannenmu masu koyo a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sauran wuraren horo kada su bi wannan shawarar. Ninkin ba ya faruwa a shafin da aka saki ga jama'a. Gwaji ne aka yi maka kyauta: idan sashenka ya rikice saboda an kashe shi an sake kunnawa, to zai rikice a hannun mai amfani ranar da ya shiga ya fita ya dawo.

Akwai kuma mutuwar da ba ta bi ta kan sashe ko kaɗan. A waya, mutum yana cikin cika takardar rajista sai kira ya shigo, ko ya fita ya duba saƙon da ke ɗauke da lambar shaida. Android na iya kashe shafin a bayan fage don ya sami wuri, kuma a wannan hali ba componentWillUnmount da za a kira, har tsohon sanarwar unload ma ba abin dogaro ba ce a waya. Alamar ƙarshe da za a iya dogara da ita ita ce visibilitychange, lokacin da shafi ya ɓuya. A nan ya kamata a ajiye abin da mutum ya rubuta a ma'ajiyar burauza, a kuma dakatar da tambayar farashi har sai ya dawo. Wanda ya cika layi goma sha biyu da yatsa ɗaya ya dawo ya tarar da su wayam, ya san zafin abin.

Duk wannan yana zaune ne a kan wani nauyi da ke zuwa tun kafin a dasa sashe ko ɗaya, wato yawan JavaScript da muke turawa. Kilobait ɗari na hoto da kilobait ɗari na JavaScript ba ɗaya ba ne. Hoto a sauko da shi a nuna. JavaScript sai an sauko da shi, an warware, an fassara, an gudanar, kuma kaso mai yawa na wannan a kan babban zaren nan guda. Manhajar zane ba ta da dalilin saukowa ga wanda jerin kasuwanni kawai ya zo gani, React.lazy, wanda ya zo a 2018, yana ba da damar jinkirta ta har sai an buɗe sashen da ke buƙatarta. Gina shafi tun daga uwar garke, kamar yadda Next.js da Nuxt ke yi, yana sa rubutu ya bayyana da wuri, amma madannai ba za su yi aiki ba sai JavaScript ya iso ya kama su, kuma a ƙaramar waya tazarar tana da tsawo: mutum na ganin madanni, yana latsawa, shiru. Wani lokaci kuma tambayar da ta dace ita ce ko shafin yana buƙatar wannan kayan duka. Shafin da ke nuna jadawalin motocin Yamai zuwa Tawa, wanda ke sauyawa sau ɗaya a mako, HTML zalla ya ishe shi. Inda ake buƙatar sassa amma ba a son nauyi, akwai Preact, ƙaramin madadin React, wanda zuciyarsa ba ta wuce ƴan kilobait ba.

Ta yaya mutum zai san wanne daga cikin waɗannan ke damun shafinsa? Da aunawa, kuma a kan wayar da ta dace. A 2020 Google ya fitar da ma'aunai uku da yake kira Core Web Vitals. Na farko, babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Na biyu, tsallen da abubuwa ke yi a allo yayin saukowa kada ya wuce maki 0.1, abin da sau da yawa ake magancewa da rubuta faɗi da tsawon hoto tun farko. Na uku, wanda aka sauya a Maris na 2024 zuwa INP, yana auna tsakanin latsi da sauyin da ido zai gani, kuma milidaƙiƙa 200 ko ƙasa shi ne mai kyau. Ana duba waɗannan a kan kashi 75 cikin ɗari na ziyarce-ziyarce, ba a kan wanda ya fi kowa kyawun waya ba. INP shi ne ya fi kusa da zancenmu, domin shi ke kama akwatin binciken da ke tayar da layi ɗari biyar. Lighthouse, manhajar Google mai auna shafi, da kayan aikin Chrome suna iya rage gudun kwamfuta sau huɗu ko shida su kwaikwayi waya, wannan yana taimakawa, amma kwaikwayo ne. A ganina duk ƙungiyar da ke gina shafuka a Yamai ya kamata ta shiga kasuwa ta sayi waya mafi arha da ake sayarwa da yawa, ta ajiye ta a tebur a matsayin kayan aiki. Ana haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB, a buɗe chrome://inspect, a ga abin da ke faruwa a cikinta kai tsaye. Masu ba da aiki ma, ƙungiyoyi da ofisoshi, suna da haƙƙin su ce a gwada musu a irin wannan wayar, da mega ba da wifi na ofis ba, kafin su sa hannu.

Sai dai ma'aunan nan uku ba sa nuna agogon da aka bari a kunne kai tsaye, kuma Lighthouse buɗewar farko yake dubawa ya tafi. Wannan sai an neme shi da gangan, kuma gwajin bai fi minti biyar ba. A cikin kayan aikin Chrome akwai allon da ake kira Performance monitor, mai nuna girman ƙwaƙwalwar da JavaScript ya ci, da yawan gutsattsarin shafi, da yawan masu saurare. Ka buɗe shi, ka lura da lambobin, ka shiga shafin farashi ka fito sau goma, sannan ka tilasta shara. Lambobin su dawo kusa da inda suka faro. Idan kowace shiga tana ƙara musu tudu ba sa saukowa, akwai sashen da ba ya rufe abin da ya buɗe. Daga nan ka koma allon Network kana tsaye a shafin farko, ka ɗauke hannu ka jira rabin minti. Duk buƙatar da ta fita a wannan lokacin, layin Initiator zai nuna maka fayil da layin da ya aika ta.